Amsa: Yaya zan rage ledar da ke taruwa a gida?

Yar'uwa, kin ce leda ta cika miki gida kuma ba kya son ƙona ta. Kin kyauta, hayaƙinta guba ne, ga yara a tsakar gida.

Ni kwando nake ɗauka in za ni cefane, mai kayan miya ya zuba mini kai tsaye. Ƙosai ko waina kuwa, ki ba yaro kwano mai murfi. Ledar fiya wata ki tara a buhu, akwai masu saye su kai a narka.

Wallahi akuyarmu ta taɓa ramewa ba dalili, da aka yanka sai ga dunƙulen leda a tumbinta. Leda ce kuma ke toshe kwatoci da damina. Ƙasar Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya a 2017.