Ilojo Bar ta tafi, hotunana ma sun bi ta

Ka ce da wane gini za ka fara, tunda ka ƙwallafa rai sai mutane sun ga tsofaffin gine-ginen Ikko kafin a rushe su. Kai yaro, ka fama mini tsohon miki.

A da akwai wani bene dab da dandalin Tinubu, Ilojo Bar, ginin 1855, irin fasalin da Aguda, wato 'yantattun bayi, suka dawo da shi daga Brazil. Tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Zamanin da muke ɗaukar hoto da fim, asuba uku na yi ina tasowa daga Agege, a tsaye cikin molue, babbar motar hayar nan ta Ikko, don in riga 'yan kasuwa isa. Na ɗauki tagoginsa masu kan baka, na ɗauki ƙarfen barandar nan mai lanƙwasa, har tsatsarsa ta fito. Ba yabon kai ba, ba wanda ya ɗauke shi kamar ni.

Sai ga wani mai kwat, baki kamar zuma, wai zai yi baje kolin hotuna da sunana. Ya dire ɗan kafin alƙalami, ya ce in ara masa nagetif ɗin a wanko manya. Na miƙa masa, ko takarda ba mu rubuta ba. Ko ƙeyarsa ban sake gani ba.

Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, ina Alaba Rago ina cinikin rago aka kira ni, wai katafila ta gama da benen. Kwana biyu sai ga hotona yana yawo a Facebook da sunan wani. Allah ya isa.

Maganar haske da saitin kyamara kuwa ba zan ɓata bakina ba. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, yana da masu kula da shi, zai jira ka. Bi lungu, gidan da ka ga an shafa wa jan fenti a bango, alamar za a rushe shi, shi ne na gaggawa. Ka gaida tsohuwar da ke ƙofa kafin ka ɗaga kyamara, ka rubuta titi da kwanan wata. Ba irin naku na yaran yanzu ba, kanku ya rufe rabin gini ku ce kun ɗauki tarihi.

Katin kyamara kuma, ko ni na ce ka kawo, kwafi za ka ba ni. Tashi ka goge gilashin nan.