Takarda daga karan alkama da shinkafa: akwai riba kuwa?

Wani ɗan kasuwa ya turo tambaya, ya ce yana ganin manoma na cinna wa karan shinkafa da na alkama wuta bayan girbi, kuma ya ji ana takarda da shi, to yana da ɗan jari a hannu, ya kafa ƙaramin kamfanin takarda ko ya haƙura?

Alhaji, maganar da ka ji gaskiya ce, ana yi. Kamfanin Trident a Punjab ta Indiya da karan alkama yake takardar rubutu, Essity ma a Mannheim ta Jamus sun fara tishu da shi a 2021. Amma ni dai ba zan ce ka zuba kuɗinka a kafa kamfani yanzu ba, bari kaji dalili.

Karan a gona ne kawai yake kamar kyauta. Abu ne mara nauyi mai cin wuri, mota za ta cika maƙil amma in an ɗora a sikeli ba wani abin kirki, kuɗin dako kenan ya fara cin ribar tun ba a je ko'ina ba, sai in an matse shi da inji an ɗaure dami dami. Sannan lokacin girbi kaɗai ake samu, injin kuwa kullum yake son ci, dole ka saye na shekara guda ka jibge, in ruwa ya taɓa shi ya ruɓe, in ya bushe ƙarau kuma ga tsoron gobara. Kuma fa wajen tan biyu da rabi na kara ne ke ba da tan ɗaya na ɓargon takarda, wato dafaffen zaren da ake yin takardar da shi. Masu dabbobi ma suna so, ranar da manoma suka ga ana rububi to kyauta ta ƙare.

Inda ya fi damuna shi ne wajen dahuwa. Da soda ake dafa karan har zaren ya rabu, abin da ke saura wani baƙin ruwa ne mai guba. Manyan kamfanoni ƙona shi suke su maido da sodarsu, to kara yana da sinadarin silika da yawa, na shinkafa ya fi muni, shi ke daskarewa ya toshe bututun injin, shi yasa ƙananan kamfanoni da yawa sai su saki ruwan a kogi kawai. A Sin a 1996 gwamnati ta rufe ƙananan masana'antun takarda da ba sa kai tan 5,000 a shekara a yankin kogin Huai saboda wannan ɓarnar. Wallahi bana so ka saka guminka a sana'ar da za ta kashe wa mutane ruwan sha, ƙarshe kuma hukuma ta garƙame maka ƙofa.

Zarensa ma gajere ne, baya kai na icce ƙarfi, yawanci sai an gauraya.

In kana son harkar da gaske, shiga ta ƙaramar ƙofa. Ka fara neman kamfanin takarda ko na kwali da ke sayen kara, kaji irin wanda suke so da yawan danshin da suke yarda da shi, ku yi yarjejeniya a rubuce, sannan ka nemi injin ɗaure dami da rumbu mai rufi, kai ka zama mai kai musu kaya. In babu irin kamfanin kusa da kai, duba kiret ɗin ƙwai da kwalin shirya kaya, su basa buƙatar fari ko santsi, ana haɗa karan da tsohuwar takarda, jarin ma bai kai na can ba. Kafin ka biya ko kwabo na inji, ka sa a yi maka samfur ka kai wa masu gidan kaji su zuba ƙwai a kai su ɗaga, in sun yaba ka tambaye su nawa za su ɗauka duk wata.