Tambaya da Amsa: Zan shiga Damagaram da mota na kwana biyu, wace takarda zan riƙe?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, na yi niyyar kai iyalina Damagaram idan an yi hutun makaranta, mu kwana biyu, mu ga fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni, mu dawo ta Daura. Mu biyar ne, ni da mai ɗakina da yara uku, ƙaramarsu shekararta biyu. Motar da nake hawa ta yayana ce, ya bar mini ita, amma takardunta duk da sunansa suke. Wani abokin aikina ya ce tun da Nijar ta fita daga ECOWAS sai mutum ya yanki takardar izinin yawon buɗe ido kafin ya shiga. Wani direba kuma a tasha ya ce mini tafiyar kwana biyu ba ta buƙatar komai, in riƙe canji kawai in riƙa miƙawa a kowane shinge. Hankalina ya kasa kwanciya, domin ba na so a tsare ni a gaban 'ya'yana a ƙasar da ba tawa ba. Don Allah a ba ni shawara.

Mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya, kuma gara da ka yi tambayar tun kana gida. Na daɗe ina aikin inshorar motoci, musamman ɓangaren haɗurran da ke faruwa a tsallaken iyaka, don haka daga abin da nake gani a kan tebur zan amsa maka.

Maganar abokin aikinka ba ta da wuyar warwarewa. Gaskiya ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, amma tun a Disambar 2024 ƙasashen uku suka sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga yankinsu ba tare da biza ba, har da motocinsu na gida, bisa dokokin kowace ƙasa, suka kuma riƙe wa kansu ikon mayar da wanda ba su amince da shigarsa ba. Saboda haka ɗan Najeriya ba ya yankar wata takarda ta daban mai suna izinin yawon buɗe ido. Izininsa shi ne hatimin shiga da za a buga masa a fasfo. Ku riƙe fasfo na ƙasa da ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, kowa da nasa, har da 'yar shekara biyun. Ban ba ka shawarar dogara da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS ba, domin tun bayan ficewar matafiya sun sha zuwa mini da ƙorafin an mayar da su da ita daga bakin iyaka. Katin zaɓe da takardar lambar ɗan ƙasa kuwa ba su taɓa zama takardun tafiya ba. Kowannenku kuma yana buƙatar katin rigakafin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, to ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya taɓa yin allurar ba sai ya sake ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allura ɗaya ta isa har abada. Kada ka sayi katin a hannun dillali ba tare da allura ba, balle ga ƙananan yara.

Maganar direban tasha ita ce mai haɗari, kuma ita ce nake ji kusan kullum daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi haka sani. Wai ai duk Hausa ce, wai iyakar ma Turawa ne suka shata ta, wai tsallake ɗaya ne, a miƙa na goro a wuce. Abin da ya sa wannan zance ya ƙi mutuwa shi ne akwai ƙamshin gaskiya a jikinsa. Mutanen garuruwan kan iyaka suna shiga suna fita kasuwa da biki da ta'aziyya, an san fuskokinsu, ba a cika tambayarsu komai ba. Direban haya shi ma yana bin hanyar kowane mako, an san shi an san motarsa. Kai kuwa baƙo ne da lambar Kano, za ka nausa ta Kwangwalam ka bi Matamaye da Kance har cikin Damagaram, nesa ƙwarai da inda wani zai shaide ka. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wucewa a matsayin izini. Wanda ya karɓi kuɗinka ya ɗaga maka sanda, sandar kawai ya ɗaga maka. Bai rubuta sunanka a ko'ina ba, bai ba ka rasiɗi ba, kuma idan wani abu ya faru da kai a gaba ba zai zo ya ce ya san ka ba. A idon doka kai mutum ne da ya shiga ƙasa ba tare da hatimi ba, motar da ke hannunka kuma kaya ne da aka shigo da su ba da sanin kwastan ba, wato sumoga. Gajartar tafiyar ba ta sauya wannan hukunci da komai. Mota ta awa ɗaya da mota ta wata ɗaya duk takarda ɗaya ake tambayarsu.

Ka'idar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta lissafa abubuwa huɗu da motar gida za ta nuna kafin ta shiga wata ƙasa ta zauna har kwana 90: lasisin tuƙi mai aiki, takardar rajista da mallakar mota, inshorar da ƙasar ta amince da ita, da takardar kwastan. Waɗannan huɗun ne har yau jandarma zai miƙo hannu ya tambaya, sai dai da sunayensu na can za ka ji su, wato permi da kartigiris da asurans da lese-fase. Lese-fase ita ce takardar da kwastan na Nijar, waɗanda ake kira duwan, suke yanka wa mota baƙuwa a ofishinsu na kan iyaka, mai ɗauke da lambar mota da lambar jikinta da adadin kwanakin da aka yarje mata. Ita ce mafi kusa da abin da abokinka yake nufi da takardar izini, kuma ta mota ce. Ka shiga ofishin da ƙafarka, ka biya a inda ake biya, ka karɓi rasiɗi, ka tsaya ka gwada lambar da aka rubuta da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi kafin ka tashi. Samarin da za su yi maka caa a bakin iyaka suna cewa kawo takardun Alhaji mu ƙarasa maka, ka gode musu ka riƙe abinka.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da inshora, domin rashin hatimi tara yake jawowa da ɓata lokaci, rashin inshora kuwa yana iya cinye motar da ɗan abin da ka tara. Wanda ya bi shawarar direban tasha yana caca ne a kan cewa babu abin da zai faru cikin kwana biyu, alhali titi bai san kwana biyu ba. Yaro ne zai fito a guje daga lungu, ko ɗan kabu-kabu ya yanko maka a mararraba, ko saniya ta faɗo hanya da magariba. Na taɓa bin sawun wani bawan Allah zuwa wani gari a tsallake, ya je ɗaurin aure na yini ɗaya ya buge mai babur, ƙafar mutumin ta karye. Na tarar da motarsa a harabar ofishin jami'an tsaro a ƙarƙashin darbejiya, ƙura ta rufe gilashinta, taya ɗaya ta sace, kwalin goron da ya kai bikin yana nan a kujerar baya. Iyalinsa an riga an sa su a motar haya sun koma gida. Ya ciro mini takardar inshora daga aljihun gaba, a ninke huɗu, da hatiminta ja mai kyau. Na duba lambarta a rumbun bayanan kamfanonin inshora, babu ita babu alamarta. A bakin tasha ya saye ta. Ba shi da lese-fase, ba shi da hatimin shiga. Kuɗin asibiti da na babur da na rashin aikin mutumin duk daga aljihunsa suka fita, bayan 'yan'uwa sun yi karo-karo, kuma makonni motar ta yi a wurin. Direban da ya ce masa ya riƙe canji kawai bai ko leƙo ba.

Takaicin da nake ji shi ne abin da zai tsare mutum daga wannan masifa ba shi da tsada. An kafa tsarin katin inshorar ECOWAS, wanda aka fi sani da Brown Card, tun 1982, domin idan mota ta yi ɓarna a wata ƙasa ofishin tsarin na can ya tsaya wa wanda aka yi wa ɓarnar, daga baya su yi lissafi da kamfanin da ya ba ka inshora a gida. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta Najeriya, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida Naira 15,000, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har ta Naira miliyan 3, kuma kuɗin katin yana cikin wannan farashi. Idan ka ji an ce za a yi maka takardar da Naira dubu biyu ko uku a gindin bishiya, takarda ce kawai aka buga maka, wadda za ta iya wuce ɗan sanda mai gaggawa amma ba za ta biya kowa ko sisi ba. Ka je ofishin kamfani mai rajista, ka biya, ka duba lambar motarka a rumbun bayanan kamfanonin inshora, wato NIID, ta waya ka ga ta fito, sannan ka nemi a ba ka katin a hannu, domin jandarma ba zai karɓi bayanin cewa yana cikin kuɗin ba. Tun da Nijar ta bar ƙungiyar, ka sa kamfanin ya tabbatar maka a rubuce cewa katin yana ɗaukar Nijar a kwanakin tafiyarka. Idan suka yi maka kwana-kwana, ka yanki inshorar ɗan lokaci ta wani kamfanin Nijar da zarar ka tsallaka, kafin ka ci gaba. Su ma kamfanonin namu suna da nasu laifin, domin da yawansu ba sa faɗa wa mai mota cewa yana da haƙƙin katin sai ya tambaya, wani ma'aikacin ma sai ya yi ta kallonka kamar ka zo da sabon yare.

Akwai kuma abin da ya wuce tsoron jami'ai. Mutumin da ka buge yana da iyali, kuma haƙƙinsa yana wuyanka ko an kama ka ko ba a kama ka ba. Wanda ya ɗebi mata da yara ya hau titin ƙasar wasu da takardar bogi, yana sane, ya riga ya yanke cewa idan ya karya wani sai dai wancan ya yi haƙuri. Mu da muke yi wa juna wa'azi a kan amana bai kamata mu riƙa kiran wannan wayo ba, kuma na goron da ake miƙawa don a kauce wa doka sunansa cin hanci, ko da murmushi aka karɓa.

Batun sunan yayanka a takardun mota ba ƙarami ba ne. Jami'in da ya ga suna ɗaya a fasfo, wani sunan a takardar mallaka, abu na farko da zai zo masa shi ne motar sata, kuma cewa ai yayana ne ba hujja ba ce a wurin wanda bai san gidanku ba. Ko dai ku mayar da takardun sunanka kafin tafiyar, wanda shi ya fi, tun da ya bar maka motar, ko kuma ya rubuta maka takardar izinin tuƙa ta zuwa Nijar, da lambobin motar da kwanakin tafiya, a rantse a kanta a kotu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Idan ka samu wanda zai fassara ta zuwa Faransanci, ka rage wa kanka tsayuwa. Ka tabbatar sunanka ya shiga cikin waɗanda inshorar ta yarda su tuƙa motar. Ka ɗauki takardun asali, ka ajiye kwafinsu a jaka daban.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka cika tankinka amma kada ka ɗauki fetur a jarka, domin kwastan na ɓangarenmu fasa-ƙwauri za su ɗauke shi. Ka canza ɗan kuɗi zuwa sefa don kuɗin hanya, ka riƙe rasiɗansa, kuma ka tuna can da dala ake ƙirga, wato sefa 5, ba dalar Amurka ba, idan aka ce maka jika ana nufin sefa 1,000. Ka yi tafiyarka da rana, ka tsaya cak a kowane shinge, kada kowa a motar ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton sojoji ko gine-ginen gwamnati. A fada ma ka nemi izinin dogarai kafin hoto.

Dawowa ma tana da nata aikin, kuma nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Ka mayar da lese-fase a ofishin da za ka fita domin a rufe ta, a buga muku hatimin fita a can da na shiga a nan, in ba haka ba littafinsu zai nuna motar tana cikin ƙasar har wa'adinta ya wuce. A ɓangaren Najeriya kuma, tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta fito daga Nijar ana yi mata kallon motar Kwatano sai ta nuna ba haka ba ne. Tun wajen fita ka sa kwastan namu su rubuta cewa motar ta fita za ta dawo, kuma ka tambayi yayanka takardar biyan kuɗin fito ta motar tun yanzu, domin sau da yawa ita ce ake nema a rasa a ranar da ake shirin tashi.