Amsar Alhaji kan ralanj marar rubutu

Salamu alaikum ƴan gurup, ina wuninku. Alhaji na ji muryar da ka aje, ka ce ka sawo ralanj, wato doguwar wayar wuta mai wuraren jona kaya, a babbar kasuwa babu rubutu ko ɗaya jikin fil ɗin, kuma kana son ka ɗora mashi konjilatar da dutsen guga, ko za shi ɗauka. To Alhaji dan Allah kar ka jona tukuna.

Hwarko hita da shi rana ka karkata shi ka shahwa da yatsa, wani rubutun ba fenti ba ne dannawa anka yi cikin robar. In ka ga 3G1.5 to fil ukku ne a ciki, kaurin jan ƙarhen kowane 1,5 mm². In AWG ka gani na Amurka ne, su lambarsu baibai take, ƙaramar lamba ta hi kauri, 16 wajen 1,3 ne 14 kuma wajen 2.

In babu komi to kaurin waje kar shi ruɗe ka, roba ta hi jan ƙarhe arha, sai ka ga fil ƙato kamar igiyar guga ka here shi ka iske ɗan sili bakwai ciki, walle muna gani kullum wajen aiki. Zare shi daga priz, ka ji ko, zare shi tukuna, sannan ka kwance kan in mai sukuru ne, in na haɗe ne yanke shi kawai kai ba tsada gare shi ba. Here fil guda ka baza silin ka ƙirga. A fil na ƙwarai sili 24 masu kaurin milimita 0,20 shi ne 0,75 mm², sili 32 shi ne 1, sili 30 masu kaurin 0,25 shi ne 1,5, sili 50 shi ne 2,5. To nan mutane ke rikicewa, 32 da 30 kusa suke amma mai 30 ɗin ya hi, don silinshi ya hi kauri, ƙirga kaɗai ba ta isa. Masu naɗin bobin suna da abin awon sili, in sunka auna maka ka ninka kaurin da kanshi, ka ninka da 0,785, ka ninka da yawan silin. In lissahin ya yi maka yawa amshi guntun fil 1,5 mai rubutu wajen mai kayan kuran ka murɗe su duka biyu ka jera, ido ma shina gani.

Sai kuma ka kankare sili guda da reza, in cikin hwari ne to alminiyom ne anka shahwa ma jan ƙarhe, kunna mashi birke za ka ga ya lanƙwashe ya marmashe, na gaske ja kawai yake yi. Irin wanga ba shi ɗaukar kuran kamar yadda jan ƙarhe ke ɗauka, ni dai ko kyauta ba ni sa ma kowa shi a ɗaki.

Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, volt 220 ne, 0,75 iyakarshi amper 6, wajen wat 1300, wato tele da bantilatar da cajin waya. 1,5 shina kai amper 16, wajen wat 3500. Dutsen guga kaɗai wani shina cin 2000, duba ƙasanshi an rubuta, konjilatar kuma lokacin da injinta ke tashi tana jan kuran da yawa, shi ya sa ni na hi so ka ba ta priz nata ita ɗaya. Kuma kar a bar ralanj a nannaɗe ko ƙarƙashin tabarma ana aiki da shi, bale da zahin Afrilu na Maraɗi, in ka taɓa ka ji ɗumi ko warin roba zare.

In ba ka samu tabbas ba ɗauke shi a 0,75 kawai. Ko ka here ka aje ashana kusa da silin don a gane kaurinsu ka ɗauko hoto ka turo nan in duba maka bayan la'asar.