Amsa ga mai tambayar kuɗin ɗaukar hoton biki

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, wai ya sayi kyamara, an kira shi aikin biki na farko, nawa zai caja. Ni dai yadda na ji muryarka, tsoro kake kada ka faɗi kuɗi su gudu. To wanda zai gudu, ko kyauta ka ce masa sai ya nemi ƙarin firem.

Kada ka kuskura ka ce "biki kaza ne". Wane bikin? Kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban, walima daban. Kowanne ka yanka masa kuɗinsa da awanninsa.

Ɗauko biro ka rubuta abin da zai fita daga aljihunka: kuɗin mota zuwa da dawowa, hayar lens (gilashin gaban kyamara) ko fitila in ba ka da su, sallamar yaron da zai riƙe maka fitilar, data, cajin batir. Ita kanta kyamarar tana cinyewa. Ƙananan Canon da Nikon, shotarsu, wato abin da ke buɗewa ya rufe a ciki duk lokacin da ka danna ka ɗauki hoto, wajen dannawa 100,000 aka ƙiyasta mata, ta Canon 5D Mark III kuma 150,000. A ce naira 600,000 ka saye ta, kowace dannawa naira 6 ke nan, in ka danna 1,500 a dina 9,000 ta tafi. To, ba wai mutuwa take yi ba, ana canza shotar, amma dai ka gane. In ta hannu ka saya ma, wani ya riga ya ci wani kaso na dannawar.

Sai gyaran hotuna, inda sababbi ke faɗuwa. Hoto 100, kowanne minti 5, ya haura awa 8 kana zaune gaban kwamfuta. Wuni guda ne cur, ka saka kuɗinsa. Ka haɗa duka, sannan ka ɗora ribarka. In za ka yi ragi don kai sabo ne, a cikin ribar za ka rage, ban da uwar kuɗi.

Dinar nan kuwa, hmm. Kati ya ce ƙarfe 7, amarya tana wajen kwalliya sai 10 ta shigo. Kai kana tsaye tun magariba, batir yana sauka. Ka faɗa tun farko: awa 4, daga lokacin da aka ce ka zo ake ƙirgawa, abin da ya ƙaru a biya. Ga ƙawayen amarya, kowace "ɗauke ni ni kaɗai", "sake, ɗankwalina ya karkace", "bari in gani". Washegari mutum 20 sun samu lambarka, turo min nawa, ka gyara min fuska. Wa zai biya wannan? Ka ce wa amarya kaɗai za ka miƙa, su je can su karɓa.

Au, na tsallake babba. Kafin alƙalami, rabi ko kashi 60 cikin 100, kafin ka riƙe musu ranar. Ciko kuma kafin hoto ya bar hannunka, don da an kai amarya kuɗi sun ƙare, sai "ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata". Ko ɗan uwa ne, a rubuta a WhatsApp: taro nawa, hoto nawa za a gyara, ranar bayarwa, da album ko babu. In za ka tura, ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba WhatsApp zai matse su su dushe, a ce kyamararka ce ba ta da kyau.

Maganar bidiyo kuma... a'a, bar shi, wani ya ɗauki wannan.