Amsa ga ƙanenmu mai shirin zuwa gasar sinuka a Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanenmu ya yi tambaya cewa an gayyace shi gasar sinuka a Yamai, bai taɓa barin Maraɗi don buga wasa ba, kwana huɗu kawai gare shi kuma guzurinsa kaɗan ne, yana son ya san yadda zai tsara tafiyar har ya buga wasansa yadda ya kamata, ya kuma samu ya ga gari. Na je irin wannan gasa a Yamai sau biyu, zuwan farko na dawo da baƙin ciki, na biyu kuma na dawo da farin ciki ko da yake ban ɗauko kofi ba, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Ƙanena, wasan ne ya kai ka, saboda haka shi za ka ba kwanakin farko gaba ɗaya, ka ajiye yawon gari sai ranar da aka fitar da kai ko aka gama gasar. Na faɗi haka ne domin a zuwana na farko na yi akasinsa. Mun taso da asuba ana gobe gasa, muka isa bayan magariba, maimakon in kwanta sai na bi abokai muka zaga gari har tsakar dare, da safe kuma na tsaya gaban tebur idona yana yaji, kafaɗata ta sandare. Yaron da ya fitar da ni a zagayen farko bai fi ni hannu ba, amma ya fi ni barci kuma ya san teburin.

Kada ka raina hanyar. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai kilomita wajen 660, za ka bi ta Gidan Rumji da Madawa da Galmi da Malbaza, ka wuce mararrabar Tsernawa inda hanyar Tawa ta rabu, ka shiga Birnin Ƙonni, sannan Dogon Dutsi da Doso, kuma daga Doso ma da sauran kilomita kusan 140 a gabanka. Idan ka haɗa da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro, wuni guda ne cur a zaune. Wasanmu kuwa na kafaɗa ne da wuya da ƙugu, su ne kuma gaɓoɓin da zaman mota yake fara kamawa. Ka yanki tikitinka tun da kwana biyu, ka shiga motar asuba domin ka yi tafiyar da rana, katin shaidarka na ɗan ƙasa ya kasance a aljihun rigarka, ba cikin jakar da aka zuba a ƙasan mota ba, domin za a tambaye ka shi fiye da sau ɗaya. Ka lissafa yadda za ka samu cikakken wuni guda a Yamai kafin wasanka na farko.

Wannan wunin na teburin gasar ne. Yawancinmu a nan mun koyi wasa a kan ƙananan tebura masu tsawon ƙafa bakwai, waɗanda filin wasansu bai kai mita biyu ba, da yawa kuma katako ne a ƙarƙashin ƙyallen, har kowa ya haddace inda teburin unguwarsu yake karkata. Teburin da na tarar a can mai tsawon ƙafa tara ne, filinsa santimita 254 a tsawo da 127 a faɗi, an shimfiɗa sabon ƙyalle a kan allon dutse. A irin wannan tebur ƙwallo yana tafiya daidai inda ka aika shi, yana kuma gudu fiye da yadda hannunka ya saba, ta yadda ƙarfin da kake sawa a gida don farin ƙwallo, wanda ake bugawa da sanda, ya tsaya tsakiyar tebur zai kai shi har bangon teburin ya dawo. Nisan da ke tsakanin fari da wanda kake nufin zurawa ya ƙaru, ƙaramar karkatar da ba ta cutar da kai a gida sai ta zama kuskure babba. Har yanayi yana da nasa tasiri: da damina ƙyalle yana shan laima sai ƙwallo ya yi nauyin tafiya, da hunturu kuwa ya bushe ya yi santsi. Ka roƙi masu wurin su ba ka ko da awa guda, kada ka ɓata ta wajen nuna gwaninta, ka yi ta tura farin ƙwallo shi kaɗai zuwa bango kana kallon inda yake tsayawa har hannunka ya gane ma'aunin teburin, sannan ka gwada dogayen bugu daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ka tambaya tun kana gida irin ƙwallayen da za a yi amfani da su. Duk muna kiran wasan sinuka, amma sinuka ta ainihi tana da ƙwallaye 22 a kan tebur mai tsawon ƙafa goma sha biyu, namu kuwa goma sha biyar ne da fari, bakwai na wannan bakwai na wancan, baƙi kuma shi ne na ƙarshe. Namun ma kashi biyu ne. Akwai na Amurka mai manyan ƙwallaye masu lamba, faɗin kowanne wajen milimita 57, akwai kuma na Ingila mai ja da rawaya, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 51 ba, ramukan teburinsu ma sun fi ƙunci. Sandar da aka yi don ƙananan ƙwallaye kanta siriri ne, idan ka yi bugun fasawa, wato bugun farko mai tarwatsa ƙwallaye, da ita a kan manya kana iya lalata kan tun a wasan farko.

Sai maganar doka, wadda ita ce ta fi jawo rigima a duk gasar da na halarta. A wani wuri idan abokin karawarka ya yi laifi bugu biyu za a ba ka, a wani wurin kuma ɗaukar farin ƙwallo za ka yi ka ajiye inda ka ga dama. Wasu suna wajabta ka faɗi ramin da za ka zura baƙi kafin ka buga, wasu ma cewa suke yi sai a ramin da ƙwallonka na ƙarshe ya faɗa. Na ga mutum ya zura baƙi yana murna, alƙalin wasa ya ba abokin karawarsa nasara domin bai ambaci rami ba, kuma alƙalin ne da gaskiya tunda an karanta dokar da safe shi bai halarta ba. Ka je wurin karanta doka da wuri, ka tambayi duk abin da ya shige maka duhu a gaban kowa, ka kuma san wasa nawa ake buƙata mutum ya ci kafin ya wuce, da ko faɗuwa ɗaya ce take fitar da mutum ko akwai dama ta biyu.

Sandarka kuwa ka riƙe ta a hannu cikin mota, a cikin kubenta. Zafin ƙasan mota da nauyin buhunan da ake ɗorawa suna lanƙwasa itace, sandar da ta lanƙwashe kuma ba ta da magani a daren gasa. Ka tafi da allinka na goga wa kan sanda, da kan sanda guda na ajiya da ɗan gam, da ƙaramin tawul saboda gumin hannu.

Kuɗinka ka raba shi uku tun a gida: na mota zuwa da dawowa, na shiga gasa da abinci, sai na yawo da tsaraba. Na dawowar kada ka taɓa shi ko da me zai faru. Ina jaddada wannan ne domin a gefen kowace gasa akwai masu kiran mutum wasan kuɗi da dare, suna barinka ka ci na farko da na biyu kafin su nuna maka ainihin hannunsu. Ban da haramcin caca, wannan ɗabi'a ce ta sa iyayenmu a Maraɗi suke yi wa wasan kallon aikin banza, alhali wasa ne na lissafi da natsuwa. Ka sanar da mahaifanka inda za ka da gidan da za ka sauka, idan kuma kana da ɗan'uwa a can ka sauka wurinsa, zai rage maka kuɗin masauki kuma zai nuna maka yadda ake shiga taksin haɗaka, wanda idan ba ka san sunayen unguwanni ba sai ka biya kuɗin mutum uku.

A zuwana na biyu na kai zagayen ƴan takwas kafin a fitar da ni, sai na samu wuni guda da rabi na gari, kuma na fahimci cewa wuri biyu ko uku da mutum ya gani a tsanake sun fi goma da ya wuce a guje. Idan wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, ka je Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Ka je da safe kafin rana ta yi zafi, domin fili ne babba kuma da ƙafa ake zaga shi. A can ne za ka ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da na wani ƙaton kada. Na daɗe tsaye a gabansa ina tunanin cewa inda muke gani hamada a yau, a da ruwa ne mai ɗaukar irin wannan halitta. A can ne kuma aka ajiye busasshen itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar sahara yana zame wa ayarin raƙuma alama, har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka ɗauko gangar jikinsa zuwa Yamai. Akwai ɗakin tufafin gargajiya na ƙabilun ƙasarmu, akwai samfurin gidajensu, akwai dabbobi masu rai irin su dorina da zaki, sannan akwai rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa da suke aiki a gabanka. Tsarabar da ka saya daga hannun wanda ya yi ta ta fi daraja, kuma ana yin ciniki kamar yadda muka saba.

Da la'asar sai ka gangara bakin kogin Kwara, wanda Zabarmawa suke kira Isa. Mu da muka tashi muna ganin Gulbin Maraɗi yana cika da damina ya ƙafe da rani, ganin ruwa mai wannan faɗi yana gudana a tsakiyar birni abu ne da yake tsaya wa mutum a rai. Ka tsallaka Gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970, zuwa Harobanda inda Jami'ar Abdu Mumuni take, ka dawo daidai faɗuwar rana lokacin da masunta suke komowa da kwale-kwalensu, ka nemi gasasshen giwan ruwa ka ci. Sai dai ka kiyaye da ɗaukar hoto da salula a kan gada ko kusa da barikin soja da gine-ginen gwamnati, ka tambayi jami'in da ke wurin kafin ka ɗaga hannu. Hausa za ta kai ka ko'ina a Yamai, amma idan ka ce wa Bazabarme fofo za ka ga fuskarsa ta sake.

Babbar Kasuwa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, ba za ta ba ɗan Maraɗi mamaki sosai ba, kaya da yawa ma sun fi araha a wurinmu, don haka awa guda ta ishe ka. Idan Juma'a ta same ka a can, ka yi salla a Babban Masallaci, amma ka duba jadawalin wasanka tun da safe. Wasu za su ba ka shawarar zuwa Kure ganin raƙuman dawa, kilomita wajen 60 daga Yamai a kan hanyarmu ta dawowa. Tun bayan harin da aka kai wurin a 2020 ba wurin da baƙo zai shiga daji da ra'ayin kansa ba ne, ni dai na bar shi, na wadatu da leƙe ta tagar mota.

Ranar dawowa ka sake shiga motar asuba, ka kwana da wuri domin kada ta bar ka. Idan direba ya tsaya a wajen Galmi ka saya wa gida albasa, ita ce tsarabar da mahaifiyata ta fi yabawa cikin duk abin da na kawo. In ka samu labarin girman teburin da irin ƙwallayen kafin ka tashi, ka rubuto mana, akwai tebur babba guda da na sani a nan cikin gari, sai mu haɗu da yamma ka gwada hannunka a kansa. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.