Idan Aljanin Tatsuniya Ya Ba Mutum Sarautar Sakkwato, Za Ta Zauna?

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, ni malamar firamare ce a Mabera. Na yi wa ɗalibaina tatsuniyar maraya da aljani ya ce ya faɗi buƙatarsa, ya roƙi sarauta, aka aura masa 'yar sarki aka raba masa gari biyu. Sai wata yarinya ta ce, da a Sakkwato ne zai zama Sarkin Musulmi? Me zan ce mata?

Amsa: Malama, Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi tambayar manya. Ki ce mata a'a, amma ki ba ta dalili.

Mu fara da auren 'yar sarki. A nan gadon sarauta ta wajen uba yake bi, kuma sai wanda ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake kawo sunansa. Ba mu da surukin da ya fi Giɗaɗo ɗan Laima daraja. Shi ya auri Nana Asma'u, 'yar Shehu, kuma shi ne Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga ilimi, ga amana, ga kusanci, amma gidansa gidan wazirci ya zama, daga nan Waziri Junaidu ya fito. Jikokin Shehu ne ta wajen uwa, su ne ke jagorantar zaɓen Sarkin Musulmi, ba a zaɓarsu. To in marayan nan ya auri gimbiya, iyakarsa ya zama surukin fada. Rabin gari kuwa ya fi kama da labarin Bayajida da Daurama. A tsarin da Shehu da Abdullahi na Gwandu suka rubuta, ƙasa amana ce a hannun shugaba, ba gonarsa ba ce da zai yanka ya ba wanda ya burge shi.

A ce aljanin ya yi dabara ya mayar da yaron ɗan gidan sarauta tun asali. Ko a nan abin da ya samu shi ne shiga sahun masu nema. Akwai gidajen 'ya'yan Shehu, wato gidan Bello, gidan Atiku da gidan Buhari, kowanne da manyansa. Sannan ga masu zaɓen sarki, irin su Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari da Sarkin Kabin Yabo, kowa da abin da yake dubawa. Ahmadu Bello jikan Sarkin Musulmi Abubakar na Raba ne, ya nemi kujerar a 1938, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna. Ya zama Firimiyan Arewa, amma har ya bar duniya a 1966 bai hau gadon kakanninsa ba.

Akwai kuma hannun hukuma, wanda tatsuniya ba ta san da shi ba. Tun zuwan Turawa a 1903 naɗi ba ya cika sai mai riƙe da gwamnati ya amince, yau gwamna ne ke miƙa sanda. Abin da ya faru a 1988 shi ya fi kama da roƙon tatsuniya, kuma har yanzu yana sosa ran mutanen garin nan. Da Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara 50 a kan mulki, an ji sunan ɗansa Muhammadu Macciɗo, sai gwamnatin soja ta Babangida ta ba Ibrahim Dasuƙi na gidan Buhari. Dasuƙi jinin Shehu ne, ba baƙo ba, amma gari ya hargitse, aka yi asarar rayuka. A 1996 gwamnatin Abacha ta sauke shi ta naɗa Macciɗo. Idan ɗan gida ya gamu da haka, ina ga maraya da aka wayi gari aka gan shi da rawani?

Abin da zai iya samu ba tare da rigima ba shi ne sarautar girmamawa, wadda Sarkin Musulmi ke ba wanda ya yi wa jama'a hidima, kamar yadda aka naɗa Shehu Shagari Turakin Sakkwato. Kada ki fasa yi musu tatsuniyar, amma in kin zo wurin roƙon, ki tsaya ki tambayi ajin su wa za su zauna su zaɓi yaron, kuma me ya yi wa garin da za su yarda da shi.